Lissafin Mai Ruwa a Agege

Tun asuba sama take zuba a Agege,
kwanon rufi na ta surutu.
Kurata na jingine da katangar Iya Mulika,
jarka goma sha biyu, duk wayam.
Yau babu mai kira na daga saman bene,
kowa ya kafa bokiti a ƙarƙashin indararo.
Allah ya buɗe nasa shagon,
ya karya mini farashi.

Na zauna bakin ƙofa ina kallon kwata.
Ruwan da ya wuce ni tun da na kunna rediyo,
ɗauke da leda da ɓawon lemo da silifa wari guda,
da a Maigatari ya sauka
da ya raka albasar Sallau har ranar cira.
Nan kuwa sauri yake ya faɗa teku,
kamar mai kai wa attajiri sadaka.

Shekaranjiya Sallau ya bugo.
Ya ce ruwan rijiya ya ƙara nutsewa gaba biyu,
inji na shan lita huɗu kafin azahar.
Ya ce, "Yaya, kwando goma na ɗora a mota.
Shida na mai fetur ne,
biyu na mai taki,
ɗaya ya ruɓe a hanya.
Da na goman na sa katin da nake kiran ka."
Muka yi dariya. Katin ya ƙare a tsakiyarta.

Sai na jawo kwalin sabulu, na juya bayansa.
Rufin gidanmu falle talatin ne.
Damina wata uku, in ta ga dama.
Rami gaba uku, siminti buhu ashirin da biyar,
bututu, murfi, ladan magini da abincinsa.
Yashi kam ba sai mun saya ba,
shi ke biyo mu har ɗaka.
Na haɗa, na soke, na sake haɗawa:
kura ɗari huɗu zan tura
a kan wannan titi mai ramuka,
in ban ci nama ba,
in zazzaɓi bai kwantar da ni ba,
in masu yankar tikiti ba su ƙara ba.

Na san ramin ba zai shayar da gona ba.
Fangali ashirin zai riƙe, na barkono,
a riƙa ba su da ludayi kamar masu jinya,
su nuna lokacin da kasuwa ke kewarsu.
Ribar farko ta sayi faifan hasken rana,
ta biyu ta sallami mai fetur.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Iya Mulika ta leƙo ta ga kwalin.
Ta ce, "Barau, kai da ke sayar da ruwa,
yau kuma na kyauta kake wa lissafi?"
Na ce, "Iya, kyauta ne muddin yana sama.
Da ya taɓa ƙasa, ya zama na mai mazubi."
Ta yi shiru, ta dubi rufinta,
ta dubi jarkokina.
Ta ce, "To cika su. Amma rufin nawa ne,
uku nawa, tara naka."
Na ce biyu. Ta ce uku.
Wadda ta shekara talatin tana awon gari
ba a cin ta a ciniki.

Na tsaya cikin ruwan har rigata ta manne,
ina sauya jarka in ta cika.
Gobe in rana ta fito zan kai wa masu wanki,
su ba ruwansu da inda ya fito.

Da dare na busar da kwalin a gefen risho.
Biro ya ɗan zube, amma ana karantawa.
A ƙarƙashin ɗari huɗun na ja layi,
na rubuta: saura ɗari uku da casa'in da tara,
da 'yan kai, saboda ukun Iya.